Jiziya da Amana: Yadda Musulmi Suka Zauna da Yahudawa da Kiristoci a Zamanin Daulolin Musulunci

A watan Yulin 2014, wata guda bayan mayaƙan ISIS sun kama birnin Mausil na Iraƙi, suka sanar da Kiristocin garin cewa ko su musulunta, ko su biya jiziya, ko su fuskanci takobi. Aka shafa harafin nun a bangon gidajensu, wato Nasara. Daga baya aka ba su wa'adin ficewa zuwa tsakar ranar 19 ga wata, kuma kafin wa'adin ya cika kusan dukkansu sun bar garin da kakanninsu suka zauna tun kafin zuwan Musulunci.

Bayan wata biyu, malamai sama da 120 suka rubuta wa shugaban ƙungiyar buɗaɗɗiyar wasiƙa suna ƙaryata shi da ayoyi da hadisai, kuma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar na cikin waɗanda suka sa hannu. A Janairun 2016 ɗaruruwan malamai suka taru a Marakish ta Maroko, da jagorancin Shaikh Abdullahi bin Bayya, suka fitar da sanarwa cewa wanda ba Musulmi ba a ƙasar Musulmi cikakken ɗan ƙasa ne, hujjarsu kuwa Sahifar Madina, yarjejeniyar zaman tare da Manzon Allah (SAW) ya ƙulla da mazauna Madina. Kowane ɓangare ya ce Alƙur'ani da sunna yake bi. Tun daga nan kalmar jiziya ta zama sandar duka a muhawarar Facebook da WhatsApp: wani ya kawo ta don ya nuna Musulunci ya wulaƙanta wasu, wani ya kawo ta don ya nuna babu adalci irin nasa. Abin da ke rikita mai karatu shi ne ana cakuɗa abubuwa uku da ya kamata a ware: nassi, da fiƙihun da malamai suka gina a kansa, da abin da sarakuna suka aikata.

## Ma'anar kalmomin

Zimma a Larabci alƙawari ne da ɗaukar nauyi. Ahlul zimma su ne waɗanda ba Musulmi ba da suke zaune dindindin ƙarƙashin mulkin Musulmi bisa yarjejeniya: hukuma ta tsare musu rai da dukiya da addini, su kuma su bi doka su biya jiziya. Hausa tana da kalmarta tun da, amana, shi ya sa tsofaffi ke cewa kafirin amana. Wannan daban yake da musta'amin, baƙon da ya shigo da izini na ɗan lokaci, kamar ɗan kasuwa ko jakada.

Jiziya haraji ne na kai, sau ɗaya a shekara. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ya wuce ta wurin a babin zakka: ana karɓarta daga maza 'ya'ya baligai, ba a karɓa daga mata da yara da bayi, dinari 4 ga masu mu'amala da zinariya, dirhami 40 ga masu azurfa, kuma a sauƙaƙa wa talaka. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, a littafin haraji da ya rubuta wa Haruna Rashid, ya kasa ta uku: dirhami 48 ga mai hali, 24 ga matsakaici, 12 ga mai aikin hannu. Musulmi ba ya biyan jiziya, amma zakka na kansa, kuma shi ake kira idan yaƙi ya tashi.

Wa ake karɓa a cikin amana? A nan mazhabobi suka rabu. Shafi'awa suka tsaya ga Yahudawa da Kiristoci da Majusawa, masu bautar wuta na Farisa, saboda ruwayar Abdurrahman bin Auf cewa Manzon Allah (SAW) ya karɓi jiziya daga Majusawan Hajar. Malikawa suka faɗaɗa ta kusan ga kowa. A aikace faɗaɗawar ce ta yi rinjaye: da Muhammad bin Ƙasim ya ci Sind wajen shekarar 712, mabiya addinin Hindu da Buddha ma an ba su amana.

## Ayoyin da kowa ke kafa hujja da su

Masu kallon sassauci suna farawa da aya ta 256 a Baƙara, babu tilastawa a addini. Sai aya ta 5 a Ma'ida da ta halatta abincin Ma'abota Littafi da auren matansu, da ta 46 a Ankabut da ta ce kada a yi jayayya da su sai ta hanya mafi kyau, da ta 40 a Hajji da ta jera wuraren ibadar ruhubanawa da na Nasara da na Yahudu tare da masallatai a matsayin abin da Allah ke karewa daga rushewa. Aya ta 8 a Mumtahana ta ce Allah bai hana kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe ku ba kuma ba su kore ku daga gidajenku ba. Bukhari ya ruwaito cewa mahaifiyar Asma'u 'yar Abubakar ta zo mata Madina tana mushrika, Asma'u ta tambayi Manzon Allah, ya ce ta sadar da zumuncin mahaifiyarta.

Akwai wani labari da ba a cika kawowa ba, alhali shi ya fi nuna nauyin adalci a cikin Littafin. Masu tafsiri da dama sun ruwaito, a kan ayoyi na 105 zuwa 112 a Nisa'i, cewa wani mutumin Madina mai suna Ɗu'uma bin Ubairiƙ ya saci sulken maƙwabcinsa. Sulken na cikin buhun gari, buhun kuma ya huje, garin ya riƙa zuba a hanya. Ya kai ya ajiye wurin wani Bayahude, Zaidu bin Samin. Masu nema suka bi sawun gari har gidan Bayahuden. Dangin Ɗu'uma suka zo suna roƙon Manzon Allah ya kare ɗan'uwansu Musulmi. Ayoyin suka sauka suna hana zama mai kare maha'inta, suna cewa wanda ya yi laifi ya jefa wa marar laifi ya ɗauki ƙazafi da zunubi bayyananne.

Ɗaya ɓangaren yana riƙe da aya ta 29 a Tauba, wadda ta yi umarni da yaƙar waɗanda aka ba Littafi har su ba da jiziya suna saagiruun (kalmar da ake yawan fassarawa da ƙasƙantattu), da ta 51 a Ma'ida da ta hana riƙon Yahudu da Nasara majiɓinta. Wasu malaman farko sun ce ayoyin yaƙi sun shafe ayar Mumtahana. Imam Ɗabari ya ƙi wannan, ya ce ayar tana nan da hukuncinta. Al-Ƙarafi, babban Bamalike na Masar da ya rasu a 1285, ya daidaita ayoyin ta hanyar rabe kyautatawa da jiɓinta: ciyar da mayunwacinsu, tufatar da marar sutura, tausasa harshe, kare mutuncinsu, duk abin nema ne, abin da aka hana shi ne soyayyar da za ta kai ga girmama addininsu a kan naka.

Kalmar saagiruun ita ce ta fi jawo saɓani. Imam Shafi'i ya fassara ta da cewa hukuncin Musulunci ya gudana a kansu, ke nan bin doka. Wasu malaman baya suka mayar da ita wulaƙanci a zahiri, har suka bayyana yadda mai karɓa zai kama gemun mai biya ya doke shi. Imam Nawawi ya ce wannan siffa ɓatacciya ce, ba ta da asali, Ibn Ƙayyim ma ya ƙi ta. Duk da haka ta shiga littattafai, kuma an samu masu mulki da suka yi aiki da ita.

## Yarjejeniyoyin farko

Sahifar Madina, wadda Ibn Hisham ya adana daga Ibn Ishaƙ, ba ta ambaci jiziya ba sam. Ta ce Yahudawa suna da addininsu, Musulmi suna da nasu, kuma kowa zai taimaka wajen kare gari. Wannan tsari bai daɗe ba, domin cikin 'yan shekaru aka yi rikici da Banu Ƙainuƙa'a da Banu Nadir da Banu Ƙuraiza. Kiristocin Najran kuwa yarjejeniyarsu ta tufafi ce, 2,000 a shekara, rabi a Rajab rabi a Safar, da sharaɗin ba za a cire limaminsu daga muƙaminsa ba. Larabawan Banu Taglib, su ma Kiristoci, suka ƙi sunan jiziya saboda suna ganin ƙasƙanci ne, Sayyidina Umar ya yarda su biya ninkin zakka da sunan sadaka. Jarajima, mazauna duwatsun kusa da Antakiya, an ɗauke musu ita gaba ɗaya bisa sharaɗin za su yi yaƙi tare da Musulmi.

Cewa kuɗin ladan kariya ne ya fito fili a labarin birnin Hims na Sham. Al-Balazuri ya kawo cewa da Hiraƙla, sarkin Rum, ya tara runduna gabanin yaƙin Yarmuk na 636, Musulmi suka mayar wa mutanen garin abin da suka karɓa, suka ce ba za su iya kare su ba a yanzu. Wasiyyar Umar a gadon ajali, a cikin Bukhari, ta ce a cika wa ahlul zimma alƙawari, a yi yaƙi don kare su, kada a ɗora musu abin da ba za su iya ba.

Sunan Umar na kan takardu biyu da ake yawan rikitawa. Ɗaya ita ce amanar da ya ba mutanen Ƙudus, wadda Ɗabari ya kawo, cewa ba za a rushe coci-cocinsu ba, ba za a tilasta musu barin addini ba. Ɗayar ita ce Sharuɗɗan Umar: kada su gina sabon coci, kada su ɗaga ƙarar ƙararrawa, su ɗaura ɗamara ta musamman, kada su hau sirdi, kada su riƙe makami. Masana tarihi da yawa suna ganin ta biyun ta ɗauki siffarta ne bayan zamanin Umar. Amma ita ce malaman fiƙihu suka riƙe, ita kuma sarakuna ke zarowa idan suna son tsanantawa.

## Abin da ya faru a ƙasa

Ƙarnuka bayan cin Sham da Iraƙi da Masar, Musulmi su ne 'yan tsiraru a cikinsu. Daula na buƙatar magatakarda da likitoci da masu lissafin haraji, kuma Kiristoci da Yahudawa ne suka iya. Sarjun bin Mansur, Kirista, shi ne magatakardan Mu'awiya. Baitulmali ya dogara da jiziya har ta kai wasu gwamnonin Banu Umayya suna ci gaba da karɓarta daga wanda ya musulunta, sai da Umar bin Abdul'aziz ya hana. A Bagadaza, wajen 781, Halifa Mahdi ya zauna kwana biyu yana muhawara da shugaban cocin Gabas, Timoti na Ɗaya, a kan Annabi Isa da Manzon Allah, kowa ya tashi lafiya. A shekarar 850 kuma Halifa Mutawakkil ya sa ahlul zimma tufafi masu launin zuma, ya rushe sababbin coci-coci, ya kore su daga aikin hukuma, alhali Hunain bin Ishaƙ, Kiristan da ya fassara littattafan likitancin Girka, yana cikin likitocin fadarsa.

Wanda yake son ganin rayuwar talaka sai ya duba takardun da aka samu a ɗakin ajiyar wata majami'ar Yahudawa a Fusɗaɗ, tsohuwar Alƙahira, sama da guntu dubu ɗari da aka kwashe zuwa Kambirij a ƙarshen ƙarni na 19. A cikinsu akwai wasiƙun fatake da takardun aure da na bara. Sun nuna jiziya ba ƙaramin nauyi ba ce ga talaka, duk da sassaucin da ke cikin littattafai. Mutum ba ya tafiya wani gari sai da rasit ɗinsa na biya a aljihu, wanda ya kasa biya yana iya kwana a kurkuku, jama'a kan yi karo-karo su fanso shi. Daga wannan zamanin kuma akwai tambayar da aka kai wa malamin Yahudawa Musa bin Maimun game da Yahudawa da Musulmi masu sana'a da suka haɗa shago ɗaya, suka shirya cewa cinikin Juma'a na Yahudawa ne, na Asabar na Musulmi, kowa ya samu ranar ibadarsa. Ya ce ya halatta.

Andalus ma haka take da fuska biyu. Hasdai bin Shafrut, Bayahude, ya zama likita kuma jakadan Abdurrahman na Uku a Ƙurɗuba. Sama'ila bin Nagrila ya riƙe waziri a Garnaɗa. Ɗansa Yusuf da ya gaje shi, a Disambar 1066 jama'a suka far masa suka kashe shi tare da ɗimbin Yahudawan garin. Sarakunan daular Muwahhidun da suka kama Ƙurɗuba a 1148 soke amanar ma suka yi, abin da ya sa iyalan Musa bin Maimun yin hijira har suka kai Masar. Halifa Hakim na Faɗimiyawan Masar ma ya sa an rushe babban cocin Ƙudus a 1009.

Idan aka jera lokutan tsanani, dalilansu na maimaita kansu. Ko dai wani daga cikin ahlul zimma ya yi girma a fada har talakawa suka ga shi ke karɓar harajinsu, ko sarki na neman goyon bayan malamai da jama'a, ko kuma abokin gaba Kirista ya taso daga waje sai zargi ya faɗa kan na gida. Bayan yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya da shigowar Tatar, Mamalik na Masar suka tsananta, a 1301 suka sa wa Kiristoci shuɗin rawani, Yahudawa rawaya. A wannan zamanin dai Ibn Taimiyya ya je neman sakin fursunoni daga hannun Tatar, suka ce za su saki Musulmi kaɗai, ya ce sai an haɗa da Yahudawa da Kiristoci domin suna cikin amanarmu.

## Rigimar Tuwat da ƙasar Hausa

Shaikh Muhammad al-Magili, wanda ya zo Kano zamanin Muhammadu Rumfa, kafin zuwansa ya shiga irin wannan muhawara a Tuwat, kudancin Aljeriya ta yau. Ya ce Yahudawan Tamantit sun warware amanarsu saboda kusancinsu da masu mulki da rashin bin sharuɗɗa, don haka a rushe majami'arsu. Alƙalin yankin, Abdullahi al-Asnuni, ya ce ba su warware ba. Aka aika tambaya Tilimsan da Fas, malamai suka rabu, at-Tanasi ya goyi bayan al-Magili, Ibn Zakri ya saɓa masa. Al-Wansharisi ya tara fatawoyin a cikin al-Mi'iyar. Dukkansu Malikawa ne, littattafai ɗaya suka karanta. An rushe majami'ar.

A ƙasar Hausa kanta babu Yahudawa ko Kiristoci mazauna a lokacin, Maguzawa ne. Masana da dama suna ganin sunan daga Majus ya fito, wato an sa su a ajin da fiƙihu ya yarda a ba shi amana. Haka suka ci gaba da noma a karkarar Kano da Katsina suna biyan haraji, har bayan jihadi.

## Yadda masana tarihi ke auna shi

Ɓangare ɗaya yana kiran Andalus da Bagadaza zamanin zinariya na zaman tare. Ɗayan yana cewa tsari ne na danniya da aka lulluɓe da sunan kariya, yana nuni da cewa yawancin malamai ba sa karɓar shaidar ɗan amana a kan Musulmi, kuma diyyarsa rabin ta Musulmi ce a wurin Malikawa, kashi ɗaya cikin uku a wurin Shafi'awa, Hanafawa ne kawai suka daidaita. Mark Cohen na jami'ar Princeton ya ce duka biyun sun wuce gona da iri. Abin da hujjoji suka fi goyon baya shi ne amana ta ba da kariya ta doka amma ba ta ba da daidaito ba, kuma babu daular wancan zamani da ta yi iƙirarin daidaito. A Turai, taron shugabannin cocin Katolika na Lateran a 1215 ya wajabta wa Yahudawa da Musulmi tufafin da zai bambanta su, Ingila ta kori Yahudawanta a 1290, Sifen a 1492, kuma da yawa daga na Sifen daular Usmaniyya ce ta karɓe su.

## Ina ya shafi mutum a yau

Masar ta soke jiziya a 1855, daular Usmaniyya a 1856. Hujjar malaman zamani da suka yarda da haka ita ce ta Jarajima da Banu Taglib: wanda ya shiga soja ya kare ƙasa ba jiziya a kansa, kuma suna da adadi abin sulhu ne. A wurinsu tsarin mulki sabon alƙawari ne da ya fi kama da Sahifar Madina. Akwai malaman da ke cewa hukuncin bai faɗi ba, sharuɗɗansa ne babu. Amma ko su sun yarda cewa shugaba mai iko ne ke ƙulla amana, kuma sai ya iya kariya. Kuɗin da ɗan bindiga ya ɗora wa ƙauye kafin ya bar mutane su je gona, ko wane suna ya ba shi, babinsa a fiƙihu shi ne fashi.

Ga mai haya gida ɗaya da Kirista a Sabon Gari, ko mai abokin ciniki a kasuwar Kurmi, ayoyin maƙwabtaka da adalci da cika alƙawari ba su taɓa dogara da jiziya ba, kuma hadisin Bukhari cewa wanda ya kashe mai alƙawari ba zai ji ƙamshin Aljanna ba malamai suna ɗora shi a kan ɗan ƙasa na yau. Wuraren da saɓani ya rage su ne ridda, da ɓatanci, da auren Musulma ga wanda ba Musulmi ba, waɗanda sanarwar Marakish ba ta warware ba, ita kanta kuma ba doka ba ce.

Sai batun gina wurin ibada, wanda shi ne ainihin rigimar Tuwat. Kiristoci a wasu biranen Arewa na kukan wahalar samun fili don coci, Musulmi a wasu garuruwan Kudu na irin wannan kuka game da masallaci. Wanda zai kafa hujja da Sharuɗɗan Umar a nan ya kamata ya san cewa malamai sun yi saɓani a kansu tun da, kuma kotun Najeriya ba da su za ta yi hukunci ba. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini da bayyana shi, takardar mallakar fili a birni kuwa, a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, gwamnan jiha ne ke sa mata hannu.